Yawon da na sha da fayil kafin na gane inda zan kai ƙarar wanda ya damfare ni

Ranar da mutumin ya yi bulokin ɗina ban ma gane ba sai can da yamma, ina ta tura masa saƙo a WhatsApp alama ɗaya ce kawai ke fitowa, hotonsa ya ɓace, na kira layin akace a kashe yake. Nace ƙila caji ne ya ƙare masa. Irin ƙaryar nan da mutum ke yi wa kansa in ya san an gama dashi amma zuciya ta ƙi yarda.

Ba zan kama sunan kowa ba, ba gari ba ofis ba banki, don har yanzu maganar tana gaban kotu. Sana'ata ɗaukar hoto ce, na ga tallar wata kyamara ta hannu a intanet, kuɗinta ya ɗan yi ƙasa da na kasuwa amma ba irin arahar da za ta sa ka tsargu ba, mutumin ya turo min bidiyo yana jujjuya ta, ya turo lambar jikinta, ya turo rasit. Na tura rabi, ya turo min takarda wai an ɗora kaya a mota, na cika sauran. Asusun da na tura wa kuɗin ba sunansa ba ne, yace na ƙaninsa ne nasa ya samu matsala, ni kuma na yarda, kar ku tambaye ni dalili. Tarin wata takwas ne ya tafi cikin minti biyu.

Toh daga nan ne wautar gaske ta fara, don waccan ta farko kowa ma tana iya samunsa. A daren nan maimakon in kira bankina sai na zauna ina tunanin wace hukuma ce tafi kowacce girma a duniya. Ɗaya daga cikin layukan da mutumin ya taɓa kirana da shi lambar wata ƙasa ce, shikenan sai kaina ya ba ni ai wannan kes ɗin ƙasa da ƙasa ne, Interpol zan kai shi. Wallahi har wasiƙa na rubuta shafi biyu. Sai da na shiga shafinsu neman inda zan tura na tarar sun faɗa ƙarara cewa ba sa karɓar ƙara daga ɗaiɗaikun mutane, ka je wajen 'yan sandan ƙasarku. Ashe ita Interpol ɗin da muke gani a fim suna dirowa da bindiga ba haka take ba, hedikwatarta tana Lyon a Faransa, ƙasashe 196 ne a ciki, kowace ƙasa tana da ofishinta a cikin 'yan sandanta, aikinsu haɗa 'yan sandan wannan ƙasa da na waccan, su da kansu ba sa kama kowa. Tun 1923 ake haka ni sai ranar na sani. Ban daddara ba na faɗa shafin IC3 na hukumar FBI ta Amurka, wanda suka buɗe a 2000 don ƙorafin laifukan intanet, na cike rabin fom ɗin kafin na tambayi kaina, wai me ya haɗa kyamarata da Amurka? Ba ni can, kuɗin bai je can ba, mutumin ba alamar yana can. Na rufe kwamfuta wajen ƙarfe uku na dare.

Kwana biyu na ɓata a wannan shirmen. Yayata ce da na gaya mata tace "kai yanzu ka sanar da banki kuwa?" Nace Yaya banki ai ba hukuma ba ce. Tace "to kuɗin naka a hannun hukuma suke ko a banki?" Na yi shiru. Da na je washegari, wadda ta saurare ni ta karɓi lambar tiransifa ɗin duka biyu, tace za su tura wa bankin da kuɗin suka shiga, amma ta gaya min gaskiya, irin waɗannan mutanen ba sa barin kuɗi su kwana, cikin awa ɗaya sun rarraba su ko sun cire, kuma su ba za su iya ba ni sunan mai asusun da adireshinsa ba, ba za su iya riƙe asusun wani haka kawai na tsawon lokaci ba sai da takarda daga hukuma ko umarnin kotu. Wannan maganar ta ƙarshe a lokacin ta wuce ta bayan kunnena, ashe ita ce mabuɗin komai. Na dai karɓi lambar ƙorafina na sa suka buga min sitatimen mai hatimi, wannan kam na yi dabara ba tare da na san na yi ba.

Daga banki na wuce caji ofis mafi kusa da ni. Wanda ke kan kanta yace Malam me ke tafe da kai, ni kuma raina a ɓace nace Yallaɓai na ba wani kuɗi ne zai sayar min da kaya, ya ƙi ba ni kayan, so nake a karɓo min kuɗina. Ya kalle ni yace "to ai wannan ciniki ne tsakaninku, mu ba ma karɓar bashi, kotu za ka je." Na yi ta bayani, shi kuma yana ta maimaita min magana ɗaya, ƙarshe ya rubuta sunana da lambata da layi uku a babban littafin nan nasu yace in na samu labarin inda mutumin yake in dawo. Na fito ina ta masifa a raina, amma kuma wani ɓangare na zuciyata ya ɗan natsu, a ganina ai na shigar da ƙara tunda an rubuta a littafi. Sati guda ina jiran waya. Ba wanda ya kira, kuma da ma ba wanda zai kira.

A cikin satin nan na jira ne na yi wauta ta uku. Na ɗauki wasiƙar nan da na rubuta wa Interpol na canza kanta, na yi kwafi huɗu na raba, hukumar yaƙi da cin hanci, hukumar kare masu sayen kaya, babbar hukumar da ke bin manyan laifukan kuɗi, har da ta kare haƙƙin ɗan Adam don wani a wajen aiki yace min su suna da saurin amsawa. Tunanina a lokacin in ka jefa ƙugiya da yawa dole ɗaya ta kama kifi. Ta cin hanci suka ce akwai ma'aikacin gwamnati a maganar? Nace babu. Suka ce to ba huruminsu ba ne. Ta masu saye suka tambayi sunan kamfani da adireshi, nace ba kamfani ba ne, ban ma san sunan mutumin na gaskiya ba, matar ta yi murmushi tace mu tsakanin mai saye da ɗan kasuwa na gaske muke shiga, naka ɗin ɓarawo ne. Duk cikinsu ba wanda ya wulaƙanta ni, gaskiya ɗaya ce, ni ne nake shiga shagon tela ina neman a yi min aski.

Mamana ce ta gaji da ganina ina yawo da fayil tace in je in ga ƙaninta. Kawuna ya yi shekara talatin da wani abu yana rajistara a kotu kafin ya yi ritaya, mutum ne mai magana a hankali har ta ishe ka. Na zauna na kwashe komai na gaya masa, bai katse ni ba, sai da na kai kan caji ofis ya ɗaga hannu yace "maimaita min abin da ka gaya wa ɗan sandan, kalma da kalma." Na maimaita. Yace "to ɗana ai ɗan sandan nan ya yi maka adalci, abin da ka kai masa ya ba ka amsarsa. Kai da bakinka kace ciniki, kace a karɓo maka kuɗi. Ko ni ne a kantar abin da zan gaya maka kenan."

Nace Kawu ranka ya daɗe to meye bambancin, kuɗina dai sun tafi. A nan ya daɗe, kuma a nan ne idona ya buɗe. Yace mutum biyu za su iya karɓar kuɗinka su ƙi kawo kaya, ɗaya yana da kayan da gaske, ya yi niyyar kawowa, wani abu ya gifta ko ya cinye kuɗin yana ta yi maka gobe jibi, wannan saɓa alkawari ne, tsakaninku ne, kai za ka ɗauki lauya ko ka je kotun da ke sauraron rigimar kuɗi ka nemi haƙƙinka. Ɗayan kuma tun ranar da ya yi maka sallama babu kyamara a duniyar, ƙarya ya shirya don ka saki kuɗi, wannan shi ne damfara, kuma laifi ne ga hukuma ba kai kaɗai ba. Abin da ke raba su niyya ce tun farko, ita kuwa niyya ba a ganinta a goshi, sai dai ka nuna ta da alamu. Yace "kai meye alamarka?" Nace ya yi bulokin ɗina. Yace "mai cin bashi ma yana yin bulok, kawo wata."

Daga baya da na bincika na ga wannan rabewar ba ra'ayin Kawu ba ne kawai, a rubuce take. A Najeriya misali dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sashe na 8 da dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 duk sun ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko wata rigima da ba ta laifi ba. Ita kuma damfara tana da nata sashen daban, 419 ɗin nan da ya zama suna a bakin duniya lambar sashe ce a kundin laifuka na kudancin ƙasar, a kundin Penal Code da ake aiki da shi a arewa kuma tana sashe na 320. Wato ɗan sandan da ya ƙi karɓo maka bashi doka ya bi, wanda ya yarda ya karɓo maka ne ma ya kauce.

Na koma gida na yi aikin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗauki hoton kyamarar na nema a intanet, sai ga shi hoton wani ne can daban da ya sa tallarsa shekara biyu da suka wuce, lambar jiki iri ɗaya, har tabon da ke gefen ruwan tabarau ɗin. Na kira kamfanin motar da sunansu ke kan takardar ɗora kaya, suka ce lambar nan ba irin tasu ba ce, tasu ma ba haka tsarinta yake ba. Sannan a ƙarƙashin wata tsohuwar tallarsa na ga wani ya rubuta "ɓarawo ne", na bi shi ta inbos, ashe su biyu ne, shi da wata, asusu ɗaya muka tura wa kuɗi mu ukun, kyamara ɗaya aka sayar mana. Da na kai wa Kawu waɗannan ya gyaɗa kai yace "yanzu ka zo da magana."

Sai batun wuri, wanda ni a da ban ma san ana tambayarsa ba. Ina zaune a wani gari, reshen bankin da asusun yake yana wani gari mai nisa, mutumin kuwa Allah kaɗai ya san inda yake kwana. Nace Kawu to a ina aka yi laifin? Yace laifi irin wannan kamar igiya ne, yana da baki biyu, inda aka yaudare ka ka saki kuɗi nan ma an yi laifi, inda kuɗin suka sauka aka cire nan ma an yi, galibi duka wuraren biyu suna da hurumi, don haka kar wanda ya ce maka dole sai ka hau mota ka tafi can kafin a saurare ka. Ka fara daga inda kake, in sun ga can ya fi dacewa su za su tura fayil ɗin da kansu.

Wannan batun ya ja ni karatu sosai, don haushi yana sa mutum ya zama ɗalibi. Na ga ashe matsalar "ba yankinmu ba ne" ta duniya ce, har wasu ƙasashe suka yi mata doka ta musamman. A Faransa sashe na 15-3 na kundin shari'ar laifukansu ya wajabta wa 'yan sanda da jandarmomi karɓar ƙarar wanda aka cuta ko da ba a yankinsu abin ya faru ba, su karɓa su tura inda ya dace, kuma kana iya tsallake su gaba ɗaya ka rubuta wasiƙa kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati. A Indiya suna da abin da suke kira Zero FIR, kowane caji ofis zai buɗe maka rahoto ba tare da lamba ba sannan a miƙa wa masu hurumi, sabuwar dokarsu da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024 ta sa shi a rubuce. A Jamus kuma ƙofa uku doka ta buɗe, 'yan sanda, ofishin mai gabatar da ƙara, ko ƙaramar kotu, da baki ko a rubuce. Amma abin da ya fi ba ni dariya a kaina shi ne na Faransawan nan, suna da wani abu wai shi main courante, ka je ka faɗi abin da ya faru a rubuta a ajiye don tarihi, shi kaɗai ba ya nufin ka shigar da ƙara, kuma mutanensu ma suna rikita shi da ƙarar gaske. Nace ashe ba ni kaɗai ba ne na yi sati ina jiran waya saboda layi uku a littafi.

Da muka gama da wuri sai na kawo shawarar da wani abokina ya ba ni, yace me zai sa in wahala, in je kotun majistare in shigar da ƙara kai tsaye, alƙali ya aika sammaci. Hanya ce da take akwai a wurare da dama, a arewacin Najeriya ma sananniya ce, kuma Kawu yace ya ga ta yi aiki sau ba adadi, musamman in maƙwabci ne ya doke ka ko wanda ka sani ya cinye amanarka. Amma sai ya tambaye ni, "sammacin wa za a kai wa? Wane suna za a rubuta, wane gida ɗan aiken kotu zai je?" Ba ni da ko ɗaya. Sunan da mutumin ya ba ni na bogi ne, hoton ma ƙila na wani bawan Allah ne. Yace alƙali ba ya fita farauta, ko ka je ƙarshenta zai tura maganar ga 'yan sanda ne su bincika, ka ga ka zaga ka dawo inda ka baro. A Faransa ana iya shigar da ƙara a kan wanda ba a san ko waye ba, su ce ƙara a kan X, amma ko can ɗin masu bincike ne za su nemo X ɗin.

Nan ne ya yi min tambayar da ta warware komai, kuma ita ce maganar da matar banki ta gaya min tun farko ban ji ba. Yace ka daina tambayar wace hukuma ce babba, hujjar da za ta nuna ko waye mutumin nan tana ina? Nace tana banki, sun san mai asusun, suna da hotonsa da lambar shaidarsa, sai kuma kamfanin waya. Yace to wa ke iya sa banki ya buɗe wannan durowar? Mai binciken da doka ta ba iko, wanda ya saba rubuta wa bankuna, ya san yadda ake neman umarnin kotu a riƙe asusu, kuma kes ɗinka bai yi masa ƙanƙanta ba har ya jefa shi ƙasan tari. Da muka auna da wannan ma'aunin sai zaɓin ya rage biyu, babbar hukumar laifukan kuɗi ko sashen 'yan sanda mai kula da zamba da laifukan intanet na yankinmu. Ta farkon tana da hurumi ba shakka, amma teburinsu cike yake da kes na kuɗin da in an faɗa sai ka riƙe baki, nawa a wajensu ɗan tsaki ne. Na biyun kuwa irin nawa ne abincinsu kullum.

Ga 'yan Najeriya da ke karanta wannan, rabon aikin a fili yake in ka natsu, ICPC da aka kafa a 2000 ta fi karkata ga cin hanci a ma'aikatun gwamnati, EFCC da ta fara aiki a 2003 laifukan kuɗi da tattalin arziki, NAPTIP safarar mutane, NDLEA miyagun ƙwayoyi, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. 'Yan sanda su ne masu faɗin hurumi, kusan kowane laifi suna iya karɓa. Kowace ƙasa da irin nata rabon, sunaye ne suke canzawa.

Sai da na fara gyara ɓarnar da na yi tukuna. Kawu yace in koma babbar hukumar nan da na kai wa kwafi in sanar da su a rubuce cewa na kai maganar wani wuri, kuma in faɗa wa sabon mai binciken duk inda na taɓa kaiwa, kar in ɓoye. Dalilinsa, in hukuma biyu suna bin asusu ɗaya ba tare da sanin juna ba, banki ya samu wasiƙa biyu ya rikice, ko wannan ya kama mutum wancan ya ce nasa ne, ko kuma mafi yawan abin da ke faruwa kowa ya ja hannu yace ai wancan na yi, kai kuma ka zauna a tsakiya. Lauyan wanda ake zargi ma abin nema ya samu, zai ce kana yawo da hukuma ne don ka muzguna wa mutum.

Takardar koken da muka rubuta shafi ɗaya da rabi ce, ta Interpol ɗin nan mai cike da "azzalumi mara tsoron Allah" Kawu ya karanta layi biyu ya ajiye. Wannan kuwa ba zagi ko ɗaya, ni wane ne, ranar kaza na ga talla, ranar kaza ƙarfe kaza na tura kaza zuwa asusu mai lamba kaza a banki kaza, ga lambar tiransifa, ga abin da ya gaya min, ga abin da ya nuna ƙarya ne tun farko, ga wasu mutum biyu da suka yarda a kira su. A ƙarshe ban ce a karɓo min kuɗina ba, cewa na yi ina roƙon a bincika a gurfanar da wanda ya aikata. Na liƙa sitatimen mai hatimi, hotunan hirarmu tun daga sallamar farko da kwanan wata a jiki, da takardar motar bogi. Yace kar in goge komai a wayar, kar in canza ta, kar ma in sake tura wa mutumin saƙon barazana, don ranar shari'a ana iya cewa a kawo wayar da kanta, wasu dokokin ma kamar sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 suna neman takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro hujjar daga ciki.

Kwafi biyu na kai sashen 'yan sandan nan mai kula da zamba, suka karɓi ɗaya suka buga min hatimin "an karɓa" da kwanan wata a ɗayan, wannan takardar har yau tana cikin leda a ƙasan akwatina. Bayan kwana shida aka kira ni, aka haɗa ni da mai bincike, na rubuta bayanina da hannuna, na karanta sau biyu kafin na sa hannu don akwai inda na rubuta ranar Talata alhali Laraba ce, ƙaramin abu amma Kawu yace da irinsu lauya ke yaga shaida. Na karɓi lambar fayil da lambar ofishinsu. Tambayar farko da jami'in ya yi min ita ce yaushe na sanar da banki, da nace bayan kwana biyu sai ya girgiza kai kawai bai ce komai ba, wallahi gara ya zage ni.

Sauran ba a hannuna yake ba. Wajen sati bakwai ina kira duk ranar Litinin, wani lokacin a ɗauka wani lokacin a'a, har suka samu umarnin kotu bankin ya ba da bayanai. Mai asusun wani yaro ne ɗalibi, yace shi haya ya ba da asusun ana ba shi wani abu duk kuɗin da suka shiga, bai taɓa ganin kyamara ba, ta bakinsa aka kai ga wanda ke karɓar kuɗin, shi ma ba shi ne mai muryar da na yi ta waya da shi ba, wancan har yanzu ana nema. Ɗan abin da ya rage a asusun an riƙe, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da mu ukun muka tura ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ranar da aka kai su kotu na ji an kira ƙarar ba sunana a ciki, hukuma ce da su, ni shaida ne kawai, na ɗaya a jerin. Na tambayi mai gabatar da ƙarar to kuɗina fa, tace in an same su da laifi za ta roƙi kotu ta sa su biya, in kuma ina so ina iya bin su da ƙarar neman haƙƙi daban, amma kar in sa rai da rana. 'Yan'uwan yaron sun kira ni sau uku suna so a sasanta a waje su biya rabi in janye, na gaya wa Kawu, yace ba ni da abin janyewa ni kaɗai tunda ba ni ke ƙara ba, in suna da tayin biya su kai wa mai gabatar da ƙara a yi shi a gaban alƙali a rubuta, kar in karɓi ko sisi a bayan fage. Haka na gaya musu, tun daga nan ba su sake kira ba.

An ɗage zaman sau biyu, na farko alƙali ya tafi taro, na biyu lauyansu ne bai zo ba. Zama na gaba wata mai zuwa ne, ni zan fara ba da shaida, matar nan da muka tura kuɗi tare tace za ta zo, ɗayan kuma yace nisa ya yi masa yawa sai dai in an matsa. Wayar tana nan na kashe ta na naɗe a tsumma, gilashinta ya fashe amma na ƙi kai ta gyara, aiki kuma da kyamarar aro nake zuwa.